Tambaya da Amsa: Maganin gargajiyar Chana yana kashe kansar furostet?

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Babanmu ne aka gano yana da kansar furostet (wani ƙullu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), ana masa wata allura duk bayan wata uku, to sai wani a guruf ɗinmu na WhatsApp ya turo tallan wani kafso wai haɗin ganyayyakin Chana ne, wai har Turawa sun yi bincike sun tabbatar yana kashe kansar. Yayana ya dage a saya a bar allurar tunda tsada take. Dan Allah gaskiya ne? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne.

Mai tallan bai yi ƙarya duka ba, shi ya sa ma abin ke ruɗa mutane. Tsirran Chana sun ba duniya magunguna na gaske. Maganin maleriya da muke sha yanzu daga tazargade aka ciro sinadarinsa, Tu Youyou, masaniyar kimiyya 'yar Chana da ta gano shi, ta samu kyautar Nobel a 2015. Akwai bishiyar da suke kira xi shu, daga ita aka samo camptothecin a 1966, wanda aka sarrafa ya zama irinotecan da ake ba masu kansar hanji. A ɓangaren furostet kuma an gwada sinadarin baicalin na saiwar huang qin da sinadarin triptolide na tsiron lei gong teng, an ga suna hana ƙwayoyin kansa yaɗuwa, amma fa a cikin kwanon gwaji da jikin ɓeraye. Jikin dattijo mai hanta da ƙoda da hawan jini wani abu ne daban, kuma shi lei gong teng ɗin dafi ne sosai, yana lalata hanta da ƙoda yana taɓa haihuwa.

Abin da nake so ki karanta wa yayanki shi ne labarin PC-SPES. A 1996 aka fara sayar da shi a Amurka, haɗin tsirrai takwas yawancinsu na Chana, maza suka yi ta rububinsa saboda da gaske lambar PSA ɗinsu, wato gwajin jini da ake bibiyar kansar furostet da shi, tana sauka, har likitoci suka fara nazari a kansa. Sai dai masu shansa nononsu na kumbura yana ciwo, sha'awa ta ɗauke, wasu jini ya daskare musu a jijiyar ƙafa. Da aka bincika kafson sai ga warfarin a ciki, maganin tsinka jini, aka kuma samu indomethacin, maganin ciwo da kumburi, da kuma DES, wani homon na mata da ake haɗawa a masana'anta wanda likitoci suka san yana danne kansar furostet tun shekarun 1940. Wato maganin asibiti ne aka cusa a ɓoye ba awo ba sanarwa, ana ce wa mutane ganye ne zalla. A 2002 aka janye shi daga kasuwa. In haka ta faru a can, ina ga kafson da ya shigo ta WhatsApp da rubutun da ba wanda zai iya karantawa a gidan?

Allurar da ake wa Baba aikinta ta rage homon ɗin maza wanda kansar ke ci tana girma da shi. In aka tsaya homon ɗin zai dawo, ciwon ya farka, kuma wannan kansar ƙashi take nufa, ƙugu da gadon baya. Dan girman Allah kar a tsayar.

Maganar tsada kuwa na san ba wasa ba ce, amma ku faɗa wa likitansa kai tsaye ba kunya, akwai ƙaramar tiyata da ake yi sau ɗaya tana yin aikin allurar, in Baba ya amince bayan an masa bayani. In kuma an riga an sayi kafson, ku kai robar gaba ɗaya likita ya gani kafin ya sha ko guda, musamman in yana shan asfirin ko maganin tsinka jini.