Hukuncin Kallon Zanen Gicciye Domin Karatu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina karatu a Faransa. An kai mu gidan tarihi na Unterlinden a garin Kolmar, aka ce mu yi rubutu kan zanen Matthias Grünewald: mutum a gicciye, jikinsa duk miki, yatsunsa a ƙandare, wai Annabi Isa ne. Na yi laifi da na tsaya na kalla?

Amsa: Da sunan Allah. 'Yata, ba ki yi laifi ba.

Abin da ke cikin zanen bai faru da Annabi Isa (AS) ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Fuskar ma ƙirƙirar mai zane ce, kuma suranta annabawa haramun ne ga Musulmi.

Amma zanawa daban, gani daban. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Habiba da Ummu Salama sun ba Manzon Allah (SAW) labarin wata coci da suka gani a Habasha mai hotuna. Ya zargi waɗanda suka yi hotunan, bai tsawata wa matan nasa kan gani ko bayar da labari ba. Ke ma ba ibada ta kai ki ba, kuma wurin gidan tarihi ne.

Yana da kyau ki san dalilin tsananin da ya tayar miki da hankali. An yi zanen tsakanin 1512 da 1516 domin asibitin wasu masu ibadar Kirista a Isenheim, inda ake jinyar waɗanda gurɓataccen hatsi ya ruɓar musu da fata da gaɓoɓi. An cika jikin da miki ne don majinyaci ya ga irin ciwonsa ya samu sanyi, domin a aƙidarsu wahalar nan fansar zunubai ce. Mu kuwa babu rai mai ɗaukar nauyin wani.

A rubutunki ki jingina musu maganar, ki ce "Kiristoci sun yi imani cewa", kada ki tabbatar da ita da bakinki. Ban da izgili, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bautawa. Kada ki sayi kwafinsa ki rataye a ɗaki, domin A'isha (RA) ta ce Annabi ba ya barin abu mai alamar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Wanda ke cikin littafin darasi babu komai.

Allah ne mafi sani.