Ƙanwata 'yar shekara 16 na son zama kamar Ayra Starr

Ɗan'uwa, ka ce ƙanwarka a Garwa tana waƙa kuma ta nace sai ta bi sahun Ayra Starr, mawaƙiyar nan ta Najeriya, kana son sanin yadda yarinyar ta yi suna tun tana ƙarama.

An haifi Ayra Starr a Kwatano, Jamhuriyar Benin, a 2002. A ƙarshen 2019 ta ɗora wata waƙa da ta rubuta a Instagram, furodusan waƙoƙi Don Jazzy ya gani, ya ɗauke ta a kamfaninsa na Mavin da ke Legas. A watan Janairun 2021 ta saki 'yan waƙoƙi, a watan Agusta kuma kundinta na farko, 19 & Dangerous, ya fito. "Rush" ta 2022 ce ta kai sunanta ko'ina, har a bakin masu babur a Marwa.

Abin da yara ba sa dubawa shi ne kusan shekara guda da ta yi a situdiyo kafin a ji ɗuriyarta. Ga kuma kamfani mai kuɗi a bayanta, wanda mu nan Arewa ba mu da irinsa.

Shawarata, ku bar ƙanwarka ta riƙa rera nata waƙoƙin da Hausa ko Fulatanci, a ɗauka da waya a ɗaki mai shiru (labule da katifa suna shanye amo). Makaranta kuwa kada ta bari. In wani ya zo da takardar kwantiragi, Baba ne zai karanta, kuma a kai wa lauya kafin a sa hannu.