Ga mai tumatirin da furensa ke zuba

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce tun da zafi ya shigo furen tumatirinka ke kakkaɓewa, ganyen ya yi fari-fari kamar an yi masa zane, wasu 'ya'yan kuma da ɗan huji. Allah ya sa ba ka riga ka kai kuɗinka shagon magani ba.

Ciwo biyu ne suka haɗe maka. Zubar fure aikin zafi ne, tumatir ba ya ɗaura 'ya'ya sosai a zafin ranar Maris da Afrilu, ko me ka fesa masa. Zanen nan na ganye kuwa Sharon ne, wato ƙwaron nan mai cin tumatir, ɗaga ganye ɗaya ka duba ta hasken rana, za ka ga 'yar tsutsa a kwance tsakanin fatar ganyen.

Ni a 2016 na san shi, shekarar da ya share lambunan Kadawa da Kura a jihar Kano, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tumakin maiɗakina biyu na sayar na yi dashe, kuma na makara, sai a Janairu. Da na ga alamar farko na ruga wurin wani mai shago da muke sallar Juma'a tare. Ya miƙo kwalba ya ce feshi ɗaya ya isa. Na fesa, shiru. Na koma, ya ce ban zuba da yawa ba, ya ƙara min biyu. Sau uku ina komawa! Sai da ƙanena ya juya kwalbar ya nuna min an kankare wurin kwanan wata. Safiyar da ba na mantawa, na isa lambu bayan asuba na tarar da fangali duk ya koma ruwan ƙasa kamar an bi shi da wuta. Na tsinki tumatir, ya fashe a hannuna, tsutsa na motsi a ciki. Nan na zauna a bakin kwata har hantsi, na rasa da wane baki zan gaya wa matar nan. Kwando uku na fitar a lambun gaba ɗaya. Da na sami mai shagon da maganar, buɗar bakinsa sai ya ce haka Allah ya so. Har yau in mun haɗu yakan miƙo hannu, ni ma in miƙa, amma zuciyata ba ta huce ba.

To, ka tsinke ganyen da ya kamu da ruɓaɓɓun 'ya'yan ka binne da zurfi, kada ka watsar a gefe. In za ka yi feshi, da yamma liƙis, lokacin ne uwar tsutsar ke tashi, kuma kada ka liƙe wa magani iri ɗaya, Sharon yana sabawa da shi. Ka karanta kwanan watan da idonka. Ni yanzu ina daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana in tace, sannan da dare in ajiye kwanon ruwa da ɗan sabulu a ƙarƙashin fitila. Ba ya ƙarar da su, yana dai rage su.

Ban ruwa da sassafe ko da yamma, kuma kada ka bari ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka cika ta, shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi. Na san fetur ya yi tsada tun 2023, ni kaina injina sai na yi lissafi nake tayar da shi. Shimfiɗa tattakar shinkafa a gindi, tana riƙe laima. Ka rage yuriya, ganye kawai take ƙarawa.

Wanda ya fara ja ka tsinke shi tun da sauran ƙarfinsa, da sanyin safiya, kada ka jira ya nuna luguf, dillalan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan za su taya shi a wulaƙance. Wanda ya yi laushi a yanka a shanya kauɗa. Fangalin da ya mutu ka zuba kuɓewa ko alayyahu, su ba ruwansu da zafi. Baɗi kuma ka yi dashe tun Nuwamba ka kwashe cikin sanyi.

Yaushe ma ka yi naka dashen? Turo hoton bayan ganyen mu gani.