Baƙin mai na gargajiya ya isa in ana juye da wuri?

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar Corolla kake ja a Garwa ta ƙasar Kamaru, kana juye duk kilomita 5,000, kana tambaya ko baƙin mai na gargajiya ya wadatar ko sai ka koma sintetik, wato man inji mai tsada da ake haɗawa da sinadarai. Ya wadatar. Fifikon sintetik shi ne daɗewa kafin zafi ya lalata shi, kai kuwa kana zubar da naka tun bai gaji ba. Ƙarin kuɗin ka sa a filta mai kyau.

Abin da ke cin inji a nan ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, buɗe filtar iska ka gani, ta yi ja kamar an tono ta daga ƙasa. In ta yage ko ba ta zauna daidai ba, yashi zai shiga silinda, kuma babu man da zai hana shi goge ringi, komai tsadarsa. A zafin Maris da Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, tsohon inji ya fi son mai kauri irin 15W-40 ko 20W-50, amma duba littafin motar tukuna.

Ka sayi galan rufaffe mai alamar ingancin mai da ake rubutawa a jikinsa, API SL ko SN. Man da ake aunawa a kwalba bakin titi, wallahi ban yarda da shi ba. In motar ba ta yawan fita, kada man ya wuce wata 6.

Sabuwar mota mai turbo, ko wadda aka rubuta mata mai marar kauri irin 0W-20, wannan kam sintetik za ka ba ta.