Wata ta ce za ta sa wa 'yata ƙarfen haƙori a gida, in yarda?

Tambaya: Likita, barka da aiki. 'Yata mai shekara 13 haƙoranta na gaba sun hau kan juna, har ta daina dariya a cikin mutane. Na ga wata a Facebook tana tallar sa ƙarfen haƙori, ta ce za ta zo har gida, cikin wata uku komai ya daidaita. Hankalina bai kwanta ba. Ina zan samu wanda ya san aikin?

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Don Allah kada ki bari matar nan ta taɓa bakin yarinyar.

Babu ranar da ba na haɗuwa da masu ɗaukar ƙarfen nan tamkar abin ado da kowa zai iya mannawa, kuma abin yana ci mini rai. Haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi yake dashe, wasu siraran jijiyoyi na riƙe da saiwarsa. Idan wayar ƙarfen ta tura shi a hankali, sai ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, sabo yana tsirowa a bayansa. Tafiyar ba ta wuce kamar milimita 1 a wata. Shi ya sa gyaran kan ci wata 18 zuwa 24, ana komawa asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8.

To wadda ta yi miki alkawarin wata uku, da me za ta cika shi? Tamke wayar za ta yi. Matsi in ya yi yawa sai saiwa ta zaizaye, jini ya daina isa cikin haƙorin, ya yi duhu ya mutu ko ya fara girgiɗi. Saiwar da ta zaizaye kuwa ba ta sake tsirowa. Wasunsu ma roba suke ɗaurawa don rufe wushirya. An taɓa kawo mini wata budurwa, haƙoranta biyu na gaba suna lilo kamar za su faɗo. Da muka buɗe dasashin, can sama kusa da ƙarshen saiwa muka zaƙulo robar. Ta sulale ciki ba wanda ya sani, ta cinye ƙashin. Dole muka cire su duka biyun. Wadda ta ɗaura mata ko hoton ƙashi ba ta taɓa gani ba, balle ta tafasa kayan aikinta.

Ki kai 'yarki sashen haƙori na babban asibiti mafi kusa da ke, ko asibitin koyarwa, ki nemi a tura ku wajen ƙwararren likitan daidaita haƙora, wanda ya ƙara aƙalla shekara 2 ko 3 na horo bayan digirinsa. Kada ki ji nauyin tambayar lasisinsa. Kafin ya manna komai zai ɗauki hoton ƙashi, ya auna bakin, ya kuma fara magance ruɓa ko kumburin dasashi idan akwai.

Shekarunta sun dace sosai, domin haƙoran girma sun fito, muƙamuƙi kuma bai gama girma ba. Idan an sa mata, ta riƙa goge baki da man da ke da sinadarin fuloraid safe da dare, minti biyu, tana bin gefen kowane ƙarfe, in ba haka ba fararen tabo za su fito. Bayan an cire kuma akwai mariƙin da za ta riƙa kwana da shi, don kada haƙoran su koma gidan jiya.