Ga mai tambaya kan sayen jirgin haya a mashigin tekun Chesapeake na Amurka, dakata ka ji nawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kai da abokinka kuna son ku haɗa kuɗi ku sayi jirgin ɗaukar masu kamun kifi, irin na mutum shida, sai ga maganar da ta taso a 2025 cewa ASMFC, hukumar kula da kamun kifi ta jihohin gaɓar Atlantika, na son sake rage kamun rokfish (kifin da fasinjojinmu ke zuwa nema) da kashi 12 cikin ɗari a 2026, kana tambaya ku shiga ko ku haƙura. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don inda kake tsaye yau nan na taɓa tsayawa, kuma har yanzu ban gama farfaɗowa ba.

Lokacin da muka sayi namu, a Maryland fasinjan jirgin haya yana da damar tafiya gida da kifi biyu, muddin kyaftin yana shigar da rahoton kamunsa ta waya. Kifi na biyun nan shi ne kasuwar. Shi ke sa mutum ya taso daga Pennsylvania tun kafin asuba, ya biya mai, ya biya kuɗin jirgi, ya ba yaron jirgi na goro. A Janairun 2024 aka zauna aka ce kowa ɗaya, na haya da mai jirgin kansa, kuma sai wanda tsawonsa ya kama daga inci 19 zuwa 24. Aka soke kwanakin manyan kifi na farkon Mayu. Kafin a sauke jirage cikin ruwa, wayata ta koma ta masu neman a mayar musu da kafin alƙalaminsu.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da abokin haɗin gwiwata ya yi min. Mutumin da muke tsayawa sahu ɗaya ranar Juma'a, wanda matata ta yi wa matarsa zaman jego. Ina kwance ƙarƙashin jirgin ina shafa masa fenti, hannuna duk ya daskare da sanyin Maris, ya zo ya tsaya a kaina, ko durƙusowa bai yi ba, ya ce shi fa zai cire hannunsa, a ba shi kasonsa. Na ce da wane kuɗin? Ga inshora, ga kuɗin wurin ɗaure jirgi, ga zubin adashin da na ɗauka na zuba a ciki. Ya ce wai doka ce ta canja, ba shi ba. Da na dawo bayan sati na tarar ya kwance na'urar gano kifi, don shi ya saya da katinsa. Ramukan sukurori kawai ya bar min a gaban sitiyari, da waya tana lilo. Har yau idan muka haɗu a masallaci shi ke fara miƙo hannu, yana tambayata ya ruwa. Ya ruwa! Matata ta sayar da sarƙarta ta gwal muka rufe inshorar shekarar, bai taɓa tambayar yadda muka yi ba. Na bar shi da Allah, amma raina bai huce ba, ba zan ɓoye muku ba.

Saboda haka kafin maganar kifi, ku rubuta komai a takarda da shaidu, har da abin da zai faru idan ɗaya ya ce ya fasa a tsakiyar shekara. Addininmu ma ya ce a rubuta.

Kada kuma wani ya ruɗe ka a bakin tasha cewa kifi na nan jingim, masu ofis ne kawai ba su shiga ruwa. Ni ma haushin ya taɓa sa ni jin daɗin wannan magana, amma ido ba ya ƙarya. Ƙidayar 'ya'yan kifi da Maryland ke yi duk shekara tun 2019 take ƙasa, a 2023 ta tsaya a 1.0 alhali matsakaicinta wajen 11 ne. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a 2015 ake ta ci, na bayansu ba su taso da yawa ba. Tsofaffin kyaftin da suka ga rufewar 1985, wadda ba a buɗe ba sai 1990, ba sa wasa da wannan zance. Su kuma hukumar sun ɗaura wa kansu wa'adin 2029 na farfaɗo da kifin, to ka ga duk shekarar da lissafi bai fita ba, kanmu za a dawo. Ƙungiyar masu jiragen haya ta kai ƙara kotu a 2024, ba ta yi nasara ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne menhaden, ƙaramin kifin da rokfish ke rayuwa a kan cinsa. A ɓangaren Virginia manyan jirage na da izinin kwashe har tan 51,000 a cikin Chesapeake, mu kuma muna nan da ma'auni muna auna inci. An hana akuya dusa, ana tambayar me ya sa ba ta da nono.

Ka karanta daftarin da hukumar ta fitar kan ragin da kyau, don rufewa iri biyu ce. Akwai wadda za a ce ka kama ka saki, akwai wadda ko jefa ƙugiya da niyyarsa ba a yarda ba, irin wadda aka yi daga 16 zuwa 31 ga Yuli a 2025. Ta farko ka iya samun 'yan fasinja, ta biyu jirginka na ɗaure kuɗin tasha na tafiya. Ni dai ba na jayayya da ta Yuli. Na ga kifi mai inci 25 da na saki a ruwan zafi, fasinja yana harara ta, ya juye ciki sama yana yawo a bayan jirgi. Lissafinsu tara cikin ɗari na waɗanda aka saki suna mutuwa. Ku masu zuwa hutu ranar Asabar, don Allah ku riƙa amfani da lanƙwasasshiyar ƙugiyar nan da doka ta ce idan da koto kuke kamu, ku jiƙa hannu, ku daina tsayar da kifi a iska kuna neman kamara.

Kana da lasin kuwa? Sai ka nuna kwana 360 a kan ruwa kafin su ba ka na mutum shida. In ba ka cika ba, ka nemi aikin yaron jirgi kaka ɗaya, ka ga littafin kyaftin da idonka, ka ga ranakun da iska ke hana fita. Ka riƙa zuwa zaman jin ra'ayin jama'a kana magana, kada ka sa hannu a komai sai ka san hukuncin da aka yanke.

Abin da ya riƙe ni bana tarwaɗar nan ce shuɗiya ta kogin Potomac, wadda ba ta da iyaka don so suke a rage ta. Mutanenmu da 'yan Gana sun fi murna da ita, a busar a yi miya, iyali guda su cika akwatin ƙanƙara. Kuɗinta bai kai na rokfish ba, amma ta biya min mai. In kana so ka biyo ni wata Lahadi ka ga aikin, ka taho da maganin jiri.