Langar sallah daga Tudun Wada zuwa Barnawa

'Yata, saƙonki ya iso. Wai ko dole ne ki aika wa maƙwabta abincin sallah, tunda ko sunan matar da kuke katanga ɗaya da ita a Barnawa ba ki sani ba. Da farko dariya na yi, daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Kaduna fa, in kin cire Gbagyi da aka tarar, kowa zuwa ya yi. Jirgin ƙasa ne ya tara mutane, sannan Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Suka keɓe kansu a GRA, inda sai kuku da boyi ke shiga, talaka kuma ya nufi Tudun Wada. A layinmu akwai Banufe, akwai Bayarabe, ga Babarbare mai ɗinkin hula. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce wanda ya baro danginsa a Katsina, maƙwabci ne zai ɗauki gawarsa.

Ba na manta wata babbar sallah ina yarinya. Tun hantsi Inna ta jera kwanukan langa a tsakar gida, ta ɗora mini ta gidan wani Ibo ma'aikacin reluwe, tuwon shinkafa da miyar taushe da nama a sama. Ina ta rangwaɗa da sabuwar atamfa, santsin bakin kwata ya kwashe ni daidai ƙofarsu. Miya har cikin ɗankwali. Matar ta fito da gudu, Hausarta a karye, tana cewa "sannu yarinya, kada kuka." Ta wanke mini zane, ta ɗaura mini na 'yarta, ta tsince naman ta ɗauraye. Langar kuwa ta dawo da ƙwai da sulai a ciki, don a lokacin kwano ba ya komawa wayam. Da Kirsimeti ta zo, Baba suka kira ya yanka musu akuya domin mu ma mu ci. Inna ta ce ƙwarya ce ta bi ƙwarya.

Da masaƙun Kakuri suka kankama, tun daga ta farko a 1957, motar ma'aikata ɗaya ke kwasar mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Masaƙu suka mutu. Rikicin addini na 2000 ya zo, na 2002 ya biyo baya, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna tsallaka Kogin Kaduna, kowa na neman inda nasa suke da yawa. Barnawa na cikin 'yan wuraren da har yanzu ake cakuɗe, ga shi ku kun ja get kun zuba waya a kan katanga, gaisuwar ma sai ta gilashin mota.

Kin ce kina tsoron a ƙi karɓa. To, a ƙi mana, kanki aka fara? Ni dai kada ki ba maigadi ya miƙa a leda. Ki sa mayafinki, ki nemi kwano mai murfi. Ki gaida mini maigidan naki, ki ce har yanzu ina jiran goron sallata.